AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: SABON MA'AIKACI DA HANYAR ABUJA

Jama'a, yau sai na yi wannan magana ko da za ta sosa ran wasu manyanmu. Duk lokacin da aka ɗauki sababbin ma'aikata aka sa su a kwas ɗin kama aiki, waƙa ɗaya ake rera mana a ofisoshin Abuja: wai yaran yanzu ba sa son aiki. Ba sa zuwa a kan lokaci, suna gyangyaɗi a aji, ƙarfe uku na yi idonsu na kan agogo. Kowa ya gyaɗa kai, a sha shayi a watse. Ba mai tambayar yaron nan daga ina ya taso, ƙarfe nawa ya bar gida, nawa ya biya a mota, kuma daga aljihun wa kuɗin suka fito tunda ko albashin farko bai gani ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina wannan aiki, kuma ina cikin waɗanda akan damƙa wa sababbi mu koya musu rubuta takarda da bin fayil. Saboda haka ba ji na yi a bakin wani ba. Abin da nake gani shi ne, mun ɗauki hanyar da gwamnati ta kasa gyarawa mun ɗora ta a kan yaron da bai yi wata guda da kama aiki ba, sannan muka sa mata suna lalaci. Wannan zalunci ne, kuma mu da ke zaune a kan kujerun nan mun sani.

Bari mu fara da lissafi, don lissafi ba ya son kai.

Sabon ma'aikaci mai digiri yana shiga ne a mataki na 08. Gida mai ɗaki biyu a Wuse ko Garki, kuɗin hayarsa na shekara ya haura albashinsa na shekara gaba ɗaya, kuma mai gida ba ya karɓar na wata-wata, dunƙule yake so, wani ma na shekara biyu. Maitama da Asokoro kuwa ba a ma kawo su cikin zance. To ina zai zauna? Inda sauran talakawa suke: Nyanya, Mararaba, Ado, Masaka, wasu har Keffi, ko ta ɗaya ɓangaren, Zuba, Madalla, Suleja, ko Gwagwalada da Kuje. Ku lura, rabin wuraren nan ba ma a cikin Babban Birnin Tarayya suke ba. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce. Madalla da Suleja jihar Neja ce. Wato mutum kullum sai ya tsallaka iyakar jiha sau biyu kafin ya ci abincin dare. Da yawansu ma ba haya suka kama ba, raɓe suke a ɗakin wani ɗan garinsu da ya riga su zuwa, a kan tabarma, jakar kayansu ita ce matashi.

Wanda ke Masaka ya tashi ƙarfe huɗu. Ya nemi ruwa, ya yi wanka, ya yi Asuba, ya hau acaɓa daga lungunsu zuwa bakin titi cikin duhu. A nan zai tarar da ɗaruruwan irinsa sun riga shi tsayuwa. Mota na tsayawa a yi kanta, turereniya, wanda ya fi ƙarfi ya shiga. Gaba mutum biyu, baya mutum huɗu. Daga nan sai tafiyar hawainiya: Ado, Mararaba, gadar Nyanya, Karu, hawan Kugbo, har a faɗo AYA. A sauka a nemi wata motar zuwa Sakatariya. Daga Mararaba zuwa Sakatariya bai kai kilomita ashirin ba, ranar Lahadi minti ashirin da 'yan kai ya ishe ka. Ranar Litinin da safe kuwa, in ka yi awa biyu ka gode wa Allah. In tirela ta mutu a Kugbo, ko hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa, to ka manta da agogo, kuma kuɗin mota ya tashi nan take ba tare da sanarwa ba. Da yamma a sake kwatawa, har ma ta fi ta safe muni, don a lokacin jiki ya riga ya mutu.

Mu ɗauka awa biyar ke tafiya a hanya kullum, zuwa da dawowa. A wata akwai ranakun aiki 22. Awa 110 ke nan. In ka raba da awa takwas ta ranar aiki, kusan kwana 14 na aiki ne cur. Ma'ana yaron nan aiki biyu yake yi: ɗaya a ofis, wanda aka ce za a biya shi wata rana, ɗaya a kan titi, wanda shi ne ma yake biya.

Mu dawo kan kuɗi. Mu ɗauka acaɓa da mota biyu, zuwa da dawowa, naira 2,500 a rana, kuma waɗanda ke bin hanyar za su gaya muku na yi rangwame. Sau 22, naira 55,000. Mafi ƙarancin albashin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ku cire da kanku ku ga abin da ya rage wa masinja da mai shara. Shi mai digirin ma da ya ɗan ɗara su, bai ci abinci ba tukuna, bai sayi data ba, bai aika wa mahaifiyarsa ko sisi ba, ita kuwa gari duk ya ɗauka ɗanta ya zama babban mutum a Abuja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a watannin farko albashin ma babu shi. Kowane ma'aikaci ya san yadda ake yi: ka kama aiki, a ce ka jira sunanka ya shiga tsarin biyan albashi. Wata uku, wata shida, wani ya fi haka. A daidai wannan lokacin ne kuma ake sa shi a kwas, a ce ƙarfe takwas daidai za a ɗauke rajista, wanda ya makara sau uku a rubuta masa takardar neman ba'asi. Kuma yana cikin shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, don haka ba shi da bakin magana. Kai jama'a! Ka hana mutum kuɗin mota, ka ajiye shi a wata jiha, sannan ka tsare shi da agogo?

Akwai wata safiya da wani babba a wurinmu ya tare wani sabon yaro a bakin ƙofa, wajen tara saura. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalminsa duk jan laka.

"Kai, yanzu ne ƙarfe takwas a garinku?"

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Tun biyar da kwata na fito, mota ce ta faɗi a Kugbo."

"Kullum Kugbo, kullum Kugbo! Ni me ya sa Kugbo ba ta tare ni?"

Yaron ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Ni kuwa na san amsar, kowa a wurin ya sani. Kugbo ba ta tare Yallaɓai saboda gidansa na Garki, direba ke kawo shi, minti goma ya iso. Gidan kuma na gwamnati ne da aka sayar masa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ba a son a yi: wa ya kai ma'aikata bayan gari? Ba su suka zaɓa ba, kuma ba ƙaddara ce ta sauko daga sama ba. Mutane ne suka zauna suka yanke shawara ɗaya bayan ɗaya.

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta kafa dokar ƙirƙiro Abuja. Ɗaya daga cikin manyan dalilan barin Legas shi ne cunkoso da ƙarancin fili. Ku ji fa, cunkoso muka gudo! Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta ware hanyoyin sufurin jama'a tun kafin a kafa tubali. Ranar 12 ga Disamban 1991 Babangida ya tare. Ma'aikatan da aka kwaso daga Legas a lokacin an ba su gidaje a Garki da Wuse da sauran unguwanni, da motocin ma'aikata masu ɗauko su. Nyanya kuwa asalinta sansanin leburorin da suka gina birnin ce, wurin zama na wucin gadi.

Sai 2003, gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi: ba gidan gwamnati, ba motar gwamnati, za a zuba maka komai a albashi ka nemi naka. Daga 2005 aka shiga sayar da gidajen. Waɗanda ke ciki suka saya, Allah ya sanya alheri, ban ce sun yi laifi ba. Amma duk wanda ya shigo aiki bayan nan, har da ni, ya tarar an ci an share tukunya. A waɗannan shekarun ne kuma aka rushe unguwannin talakawa irin su Idu-Karmo, mutane suka kwashi komatsansu suka nufi Mararaba da Suleja. A 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas. Kowane mataki da hujjarsa, wasu hujjojin ma masu kyau ne. Amma kowane ɗaya ya cire wani abu daga hannun talaka, kuma abin da aka yi alkawarin maye gurbinsa da shi bai taɓa wadatarwa ba.

Sai ranar 29 ga Mayun 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu. A Yuli ta kai 617. Zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira dubu a Abuja. An ba ma'aikatan tarayya ƙarin naira 35,000 na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma wanda sunansa bai shiga tsarin albashi ba ina zai gan ta? Tun daga lokacin motocin gida suka ragu a titi, waɗanda suka rage kuma suka koma kabu-kabu. Yau za ka ga mataimakin darakta da babbar riga yana lodin fasinja a bakin Sakatariya don ya haɗa kuɗin mai. In mai mataki na 15 ya koma ɗaukar fasinja, me kuke zaton ya samu mai mataki na 08?

Za a ce ai ga jirgin ƙasa. E, akwai shi. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake buɗe shi a Mayun 2024, har aka yi watanni ana hawa kyauta. Madalla. Amma ina yake zuwa? Daga tsakiyar birni zuwa Idu zuwa filin jirgin sama, sai reshen da ya nufi Kubwa. Hanyar Nyanya da Mararaba, inda jama'a suka fi yawa kuma suka fi shan wuya, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba. A 2025 an ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Kugbo da Mabushi, gine-gine masu kyau, ban raina ba. Sai dai tasha ba ta kai mutum ofis, mota ke kai shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce wannan magana ta shafi kowa, har wanda bai taɓa taka Abuja ba.

Muna cewa muna horar da su. To me suke koya a zahiri? Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya isa gida tara na dare, ya ci abin da ya samu, ya wanke rigar gobe, ya kwanta sha ɗaya ya tashi huɗu, awa biyar ya samu, in sauro da zafi sun bar shi. Ka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi ƙarfe biyu na rana kana karanta masa dokokin kuɗi na gwamnati, me kake jira in ba gyangyaɗi ba? Jiki magayi. Dokokin ba za su zauna ba. Amma akwai darussan da ke zama daram, waɗanda ba a rubuta su a jadawalin kwas ba.

Yakan koyi cewa rajista ake bauta wa, ba aiki ba. In abokinka ya riga ka isowa ya sa maka hannu, gobe kai ma ka sa masa. Ƙaryarsa ta farko a aikin gwamnati ke nan, kuma mu muka koya masa ita.

Yakan koyi cewa zuwa kullum wauta ce. Ya duba ya ga na gaba da shi sun raba kwanaki a tsakaninsu, wannan Litinin da Laraba, wancan Talata da Alhamis, oga ya sani ya kau da kai don ya san albashin ba zai kai su ƙarshen wata ba. Ranar da ka zo daga Gusau ko Yola neman fayil ɗin fanshon mahaifinka aka ce maka "mai teburin bai zo ba, sai jibi", to ga inda abin ya samo asali.

Na ukun shi ne mafi haɗari. Yaron da ya yi wata huɗu yana cin bashin kuɗin mota, ranar da wani ɗan kwangila ya ajiye masa 'yan dubbai a kan tebur, da wane suna yake ba shi? "Ga wannan ka sha mai." "Ga na mota." Ku duba sunan da kyau. Ba a ce masa cin hanci ba, an kira shi da sunan ciwon da ke damunsa. Ranar farko zai karɓa hannunsa na rawa. Bayan shekara biyar shi ne zai riƙe fayil sai an ba shi. Ban ce talauci hujjar karɓar haram ba ne, akwai waɗanda suka sha wannan wuya ba su taɓa miƙa hannu ba, kuma na san su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu ne muke tsaga bangon tun watan farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun tanƙwara shi ta inda bai kamata ba, sannan mu dawo muna taron bita a otal kan yaƙi da rashawa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, bari in rage muku wahala.

"Mu ma a zamaninmu mun sha wuya." Ranka ya daɗe, a 1999 litar mai naira 20 ce. A zamanin 'Yar'aduwa naira 65. Ka sami gida a cikin gari, ka sami motar ma'aikata. Ka sha taka wuyar, ban musa ba, amma ba irin wannan ba ce. Kuma ko da irinta ce, tun yaushe wahala ta zama gadon da dole sai an bar wa na baya?

"Ya gode wa Allah ya samu aiki, dubbai na nema." Godiya wajibi ce, kuma suna yi. Amma kwandasta ba ya karɓar godiya. Yawan masu neman aiki kuma ba lasisin wulaƙanta wanda ya samu ba ne.

"Ya riƙa sammako." Sammakon me kuma bayan ƙarfe huɗu? Kowa sammakon yake yi, shi ya sa cunkoson ma ya koyi sammako. Titi ɗaya ne, kowa kuma ƙarfe takwas aka ce masa. Sannan duhun asuba da na bayan Magariba shi ne kasuwar 'yan fashin motar haya da ake kira wan-cans: ka shiga mota ka ɗauka fasinjoji ne, a kwashe maka waya da kuɗin asusu, a jefo ka a gefen titi mota na gudu. Mata sun fi kowa shiga wannan haɗari. Ku tuna da mai jegon da ta kama aiki, wadda sai ta kai jariri gidan raino kafin ta shiga wannan turereniya. Kuma kada mu manta su waye suka mutu a tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilun 2014, mutum fiye da 70: masu sammakon neman halal ne, suna jiran motar shiga gari. Allah ya jiƙansu.

"Ya yi amfani da lokacin hanya ya yi karatu a waya." Wannan shawarar masu motar gida ce. Mutum huɗu a kujerar baya, kafaɗarka ɗaya a waje, hannunka ba ya ma kai wa aljihu. In ka yi ƙarfin hali ka fito da wayar kusa da taga a gosulon Mararaba, sai dai ka ga ƙeyar wanda ya fizge ta.

"Gwamnati ba ta da kuɗi." Haba dai. A ƙarshen 2023, mutane na tsaka da kukan mai, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motocin alfarma. A 2024 aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa da ya ci naira biliyan 21. Bas nawa wannan kuɗi zai zuba a hanyar Keffi? Kuɗi akwai, inda baki ya karkata ne yawu ke zuba.

To me nake so a yi? Ba na son a ce na yi ta surutu ban kawo mafita ba, kuma yawancinsu ba sa buƙatar sabuwar doka.

1. A biya sabon ma'aikaci albashinsa a ƙarshen watan farko. Ƙasar da banki ke buɗe maka asusu a waya cikin minti biyar ba ta da hujjar ɗaukar wata shida kafin ta shigar da suna. In ba za a iya ba, a ba shi wani kaso a matsayin rance, a cire daga baya.

2. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi alawus ɗin kwana 28 na farko, a madadin masauki, ga wanda ya kama aiki ko aka yi wa canjin wuri. A biya shi a makon farko. Kuɗin masaukin da aka biya bayan shekara uku ba kuɗin masauki ba ne, tarihi ne.

3. Kwas ɗin kama aiki ya zama na kwana, a ba su ɗaki da abinci na mako biyu ko uku. Soja da ɗan sanda da jami'in kwastan duk a bariki ake horar da su. Masu yi wa ƙasa hidima ma sansani ake kai su na mako uku. Me ya sa sai wanda zai riƙe fayil da kuɗin jama'a ne za a bari yana koyon aiki tsakanin Masaka da Sakatariya?

4. In ba halin masauki, a fara darasi ƙarfe goma a tashi uku, ko a kai kwas ɗin inda suke. Ɗakin taro bai ƙare ba a Karu da Kubwa da Gwagwalada. Malami biyar su bi hanya ya fi ɗalibi ɗari su bi ta.

5. A dawo da motocin ma'aikata da gaske, masu tashi a kan lokaci daga Masaka, Suleja da Gwagwalada, kuma sabon ma'aikaci ya hau kyauta har ranar da albashinsa ya fara shiga.

6. A tsara kwanakin zuwa ofis a fili, a rubuce. Kaduna ta koma kwana huɗu a Disamban 2021. Kwara da Edo sun rage zuwa kwana uku bayan cire tallafi a 2023. Sama ba ta faɗo ba. Abin da ake yi a ɓoye yanzu, gara a yi shi da tsari yadda mai neman fayil zai san ranar da zai tarar da mutum.

7. Jirgin ƙasa ya je Nyanya da Mararaba. Gwamnatin tarayya da ta Nasarawa su zauna su yi. Faɗaɗa titi kaɗai ba ya maganin abin, ko layi nawa aka ƙara motoci za su cike shi.

Ku kuma ƙannena da kuka kama aiki, kafin manya su farka, ga abin da na ga yana taimako. Ku nemi 'yan unguwarku a ofis ko a ma'aikatun da ke kusa, ku haɗa kuɗin mai da wanda ke da mota, ya fi arha kuma kun san fuskar wanda kuka shiga motarsa. Kada ku shiga motar da ba ku yarda da ita ba don gudun makara. Takardar neman ba'asi ana amsa ta, rai kuwa ba a mayar da shi. In akwai ɗan uwa a Lugbe ko Kubwa ko Karu da zai ba ku wurin kwana Litinin zuwa Alhamis na tsawon kwas ɗin, ku cire kunya ku roƙa, mako uku ba shekara ba ce. Ku gaya wa mai kula da ku inda kuke zaune tun ranar farko, a rubuce in da hali, kada ku bari sai an tuhume ku. Ku yi bitar darasi a ofis kafin ku tashi, minti talatin da sauran ƙarfinku ya fi awa biyu a gida kuna layi. Ku bi haƙƙinku na kwana 28 da takarda, ku riƙe kwafi, ku shiga ƙungiyar ma'aikata ku dame su da maganar. Sannan don Allah, kowace irin matsuwa, kada ku sa wa wani hannu a rajista, kada ku karɓi "na mota". Bashin ɗan uwa ana biya a huta, wancan kuwa ba ya ƙarewa.

Mu kuma da muka kai matsayin da ake gaishe mu a baranda, ba sai mun jira sanarwa daga sama ba. Kafin ka ɗauki biro ka rubuta wa yaro takarda, tambaye shi inda yake kwana. In hanyarku ɗaya, rage masa hanya, kujerar bayan motarka ba ta ƙi ɗaukar mutum ba. In kai ke tsara jadawalin kwas, kana da ikon matsar da awa ɗaya. In fayil ɗin alawus ɗinsa na kan teburinka, sa hannu yau. Waɗannan yaran su ne za su riƙe fayil ɗin fanshonmu nan da 'yan shekaru, kuma abin da muka koya musu shi za su yi mana.

Wanda ke bin hanyar Keffi, ko ta Zuba, ko ta Giri, ya rubuta mana a ƙasa: ƙarfe nawa kake fita, ƙarfe nawa kake komawa, nawa kake kashewa a rana, kuma wata nawa ka yi kafin albashin farko. Ba sai ka faɗi ma'aikatarku ba. Na Legas da Kano da Fatakwal ma ku faɗi naku. Ku tura wa duk wani darakta da ɗan majalisa da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya karanta a cikin sanyin motarsa.

Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya ba shugabanninmu ikon tausaya wa na ƙasa. Amin.